Ranar da Turawa ke canza agogo: abin da za ka taɓa a gida da abin da za ka ƙyale

Kamaru ba ta canza agogo. Chadi ma haka, Najeriya da Nijar ma haka. Ka tashi daga Garwa ka je Marwa, ka haye gada daga Kusiri ka shiga Njamena, ko ka yi yamma ka faɗa Yola, agogo ɗaya ne rani da damina, awa ɗaya gaba da GMT. Don haka duk wanda ya ce maka gobe za a ƙara awa ɗaya, tambaye shi a wace ƙasa. Amma sau biyu a shekara, ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, teburina a kasuwar Garwa cika yake yi da wayoyi da agogunan da masu su ke rantsuwa sun lalace. Yawancinsu lafiyarsu lau. An dai gaya musu cewa a Paris suke zaune, su kuma suka yi abin da mutanen Paris suka yi.

Da gyaran agogo na fara sana'a, waya daga baya ta zo ta same ni. Abin da zan faɗa a nan shi nake faɗa wa duk wanda ya tsaya gabana a waɗannan makonni, sai dai a kasuwa mutum ba ya tsayawa ya ji ƙarshen zance.

Ga yadda abin yake a can. A ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila, daren Asabar wayewar Lahadi ta ƙarshe a watan Maris, da ƙarfe 1 agogon GMT, wato ƙarfe 2 na dare namu, sai a tura agogo gaba da awa ɗaya. A Faransa ƙarfe 2 ta zama ƙarfe 3. Lahadi ta ƙarshe a Oktoba kuma, a daidai wannan lokaci, a dawo da shi baya. A 2026 ranakun su ne 29 ga Maris da 25 ga Oktoba. Rana ce ta sa su. A Paris yini yakan haura awa 16 a ƙarshen Yuni, a Disamba kuwa da ƙyar yake wuce awa 8. In ba su tura agogo ba, rana za ta fito musu kafin ƙarfe 5 suna ta barci, hasken ya tafi a banza. Jamus ce ta fara a 1916, tsakiyar yaƙin duniya na farko, don tsimin kwal. Faransa ta dawo da tsarin a 1976 bayan man fetur ya yi tashin gwauron zabi a 1973. Mu nan Garwa, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bambancin awa ɗaya ne da 'yan mintoci, to me za mu tsimanta? Chadi ta taɓa gwadawa daga Oktoban 1979 zuwa Maris na 1980, ba ta sake ba. Su kansu Turawan sun ƙosa: majalisar dokokin Tarayyar Turai ta kaɗa ƙuri'ar a daina a 2019, amma gwamnatocin ba su daidaita ba, aka ci gaba.

To, agogon bangon falonka mai batir, da na hannunka mai hannuwa, ba ruwansu da wannan. Kar ka taɓa su. A safiyar waccan Lahadi ma su ne alƙalai. In waya da agogon bango suka saɓa da awa ɗaya cif, ba minti goma ba, ba minti arba'in ba, wayar ce ta kauce.

Waya ce babbar mai kawo rigima, kuma laifin yawanci na ranar da aka fara saita ta ne. Mutum ya sayi sabuwa a watan Disamba, ko ɗan'uwa ya aiko masa da ta hannu daga Faransa ko Beljiyam. Ta nemi ya zaɓi gari, ya duba bai ga Garwa ba, ya ga Paris an rubuta GMT+01:00 a gefenta, ya dubi agogonsa ya ga daidai, ya danna. Ba ta yi masa ƙarya ba, domin daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris agogonmu da na Paris ɗaya ne. Sai Maris ta ƙare ta yi tsalle. Wanda ya zaɓi Landan a watan Yuli shi ma zai ga daidai, nasa tsallen sai Oktoba.

Gyaran ba wuya. A wayoyin Android, irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung, shiga Paramètres, ka nemi Date et heure. A wasu yana ƙarƙashin Système, a wasu ƙarƙashin Gestion globale. A iPhone kuwa Réglages, sai Général, sai Date et heure. Abu biyu za ka gani: lokacin kansa, da kuma Fuseau horaire, wato yankin da wayar ke lissafi da shi. Na biyun shi ne abin dubawa. In akwai layi a wayar kuma sabis na kamawa, kunna na atomatik ga duka biyun, ta ɗauka daga kamfanin layi. In ta ƙi, ko kwamfutar hannu ce marar layi, kashe atomatik na yankin ka zaɓa da hannu: Cameroun ko Douala, Tchad ko Ndjamena, in ba su a jerin to Lagos ko Niamey. Duk ɗaya ne. Abin da kake so ka gani a ƙasa shi ne heure d'Afrique de l'Ouest. In ka ga Europe centrale, ba ka gama ba. Ƙananan wayoyi masu madannai su ma suna da wurin zaɓen gari, da wani layi da aka rubuta Heure d'été, wato ƙarin awa ɗaya irin na Turawa, kashe shi. A kwamfuta mai Windows, wanda za ka zaɓa shi ne Afrique centrale - Ouest, ba layin da ya jero Bruxelles, Copenhague, Madrid, Paris ba, duk da cewa su biyun UTC+01:00 aka rubuta musu.

Abin da ba na so ka yi shi ne abin da kusan kowa ke yi: ya ga waya ta wuce da awa ɗaya, ya shiga ya rage awar da hannu, ya bar yankin a Paris. A fuska ta yi daidai, amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Waya ba da lambar da kake gani take aiki ba, tana riƙe da lokacin duniya a ciki, ta ƙara na yankinka sannan ta nuna maka. Da ka rage da hannu, lokacin duniyar ka ɓata. Daga nan sai saƙonnin WhatsApp su riƙa zuwa da lokacin da ba nasu ba, amsa ta hau kan tambaya. Manhajojin da ke fitar da lambar sirri mai canzawa duk daƙiƙa 30 su riƙa ba ka lambar da za a ƙi karɓa. Sannan Oktoba na zuwa ta sake komawa baya da kanta, ka zama kana baya da awa ɗaya. Na Oktoban ya fi ciwo. A Maris ƙararrawa tashinka za ta yi da wuri, ka yi tsaki ka koma. A Oktoba kuwa sai ka farka an idar da Asuba, motar safen da za ta kai ka Ngaundere ka kama jirgin ƙasan Yawunde ta daɗe da barin tasha.

In ka gama, gwada. Tura wa wanda ke kusa da kai saƙo, ku duba ko mintin da ya fita wajenka shi ne ya shiga wajensa. Ko ka jira labaran ƙarfe 1 na rana a rediyon CRTV.

Sai agogon kiran salla, irin su Al-Fajr da Al-Harameen da alhazai ke tsaraba da su. Wannan shi na fi so a natsu a kansa, don kuskurensa ba a kasuwa yake tsayawa ba. An yi su ne don a sayar ko'ina a duniya, har da Musulmin Turai da Amurka, shi ya sa suke da saitin da aka rubuta DST, wato ƙarin awa ɗaya irin na Turawa. A wasu sai an danna, a wasu yana shiga da kansa in ranar ta zo. Da ya shiga, abu biyu yake turawa gaba tare: lokacin da agogon ke nunawa, da jadawalin salloli biyar. In ba a taɓa shi ba, lambar fuskarsa ce kawai ba daidai ba, kiran sallar yana zuwa a kan lokacinsa. Ɓarnar tana zuwa ne daga mai gyara.

A 2023 da 2024 canjin Maris cikin azumi ya faɗo. A na biyun wata Hajiya daga unguwar Yelwa ta zo da nata a naɗe cikin ɗankwali, ta ajiye min.

"Malam, agogon nan da Alhaji ya kawo daga Makka ya fara ƙarya. Ladan ya kira, mu yi salla, gari ya waye tangaran, sannan shi ya fara nasa kiran."

Na ce, "Hajiya, wa ya taɓa shi?"

"Ba wanda ya taɓa. Jikana ne dai ya ga yana gaba da awa ɗaya ya gyara mana."

Na karkata shi wajen haske, ga haruffa uku ƙanana a kusurwar gilashin, DST. Yaron ya mai da lokaci baya, ya bar jadawalin a gaba. Allah ya taimaka gidansu na jin ladan. Gidan da ke bayan gari, da agogon kaɗai suke dogara wajen sahur, da sun yi ta ci har gari ya yi haske.

Ga yadda ake bi. Fara kashe DST, kafin komai. Sannan ka duba yankin, ya zama +1. Sannan gari. Sannan a ƙarshe ka saita awa da minti da kwanan wata. In ka fara da awa, za ka sake yi. Kan maganar gari akwai wani tarko da ba shi da alaƙa da Turawa. Garuruwanmu ba kasafai suke cikin ɗan littafin da ke zuwa da agogon ba, sai mutum ya zaɓi Kano, a ganinsa ai duk agogo ɗaya muke. Agogo ɗaya ne, rana ba ɗaya ba. Garwa na gabas da Kano da kusan digiri 5, kowane digiri kuwa minti 4 ne, ke nan alfijir na keto mana kusan minti 20 kafin Kano. Njamena ta fi haka. In agogon na karɓar lambobi, sa masa na garinka: Garwa 9.3 arewa da 13.4 gabas, Marwa 10.6 da 14.3, Njamena 12.1 da 15.0. Ka lura da na Njamena: layin digiri 15 gabas, wanda da shi aka yanka agogon da duk muke bi, ta gefen birnin ya ratsa. Shi ya sa a can ƙarfe 12 na rana da tsayuwar rana tsaka ba sa nisa da juna.

Hanyar ganewa cikin sauƙi: dubi lokacin da agogon ya ba Azahar. Ba lokacin da ake tsayar da jam'i a masallacinku nake nufi ba, shigar lokacin. A Garwa duk shekara yana yawo ne tsakanin kusan 11:50 da 12:20. In ka ga ya rubuta ƙarfe 1 da wani abu, DST na kunne. Bayan haka ka yi kwana biyu kana gwada shi da ladanin unguwa a Asuba da Magariba. Manhajojin salla na waya ma haka suke, da yankin wayar suke lissafi. In yankin ya gyaru, rufe manhajar ka sake buɗewa ka ba ta garinka.

Yanzu ga agogon da ya kamata a canza. Gidaje da yawa a nan suna da ɗa ko 'ya ko miji a waje, kuma na ga dattawan da suka rataye agogo na biyu a ɗaki don su san lokacin da za su kira ba su tashi mutum daga barci ba, ko su same shi a wurin aiki. Dabara ce mai kyau, ta fi lissafi da ka. Manna takarda a ƙasansa ka rubuta sunan garin da manyan baƙi, don kar baƙo ya duba ya yi salla da shi. Shi ne za ka gyara daren Asabar kafin ka kwanta. Na Faransa, Beljiyam, Jamus, Italiya da Sifen: ƙarshen Maris ka tura shi ya wuce namu da awa ɗaya, ƙarshen Oktoba ka dawo da shi daidai da namu. Na Ingila akasin haka: daga Maris zuwa Oktoba daidai yake da namu, daga Oktoba zuwa Maris muna gabansa da awa ɗaya.

Amurka da yawancin Kanada nasu ranakun daban ne tun 2007: Lahadi ta biyu a Maris da Lahadi ta farko a Nuwamba, wato 8 ga Maris da 1 ga Nuwamba a 2026. New York da Montreal suna bayanmu da awa 6 a lokacin sanyinsu, awa 5 in sun tura. Masu 'ya'ya a Azhar su sani Masar ta dawo da canjin a 2023, daga Juma'a ta ƙarshe a Afrilu zuwa Alhamis ta ƙarshe a Oktoba. Alƙahira na gabanmu da awa ɗaya, a tsakanin waɗannan ranaku ta zama biyu. Maroko tata hanyar ta bi a 2018: ta zauna daidai da namu, sai azumi ya zo ta koma baya da awa ɗaya, bayan salla ta dawo. Makka da Madina awa 2 gaba kullum, Istanbul ma haka tun da Turkiyya ta daina canji a 2016, Dubai 3, Guangzhou 7. Waɗannan saita sau ɗaya ka manta. 'Yan kasuwar Abeche masu hulɗa da Sudan awa ɗaya ce tsakaninsu tun 2017, ba ta motsi.

Tikitin jirgin sama kar ka yi masa lissafi. Lokacin da aka rubuta na tashi, na garin da za a tashi ne. Na sauka, na garin da za a sauka. Wanda ake yi wa lissafi shi ne ganawa ta intanet, jarrabawa ko hira da makaranta. In an ce ƙarfe 10 agogon Paris a watan Mayu, ƙarfe 9 ne a nan.

Masu gidajen kallon ƙwallo, ku ne kuka fi shan zagi a waɗannan makonni, don haka kafin a ɗauki alli a rubuta a allo a duba wata. Wasan Firimiya na ƙarfe 3 ranar Asabar, daga Agusta zuwa ƙarshen Oktoba ƙarfe 3 ne a nan, hutun rabin lokaci ya zo daidai da La'asar. Daga nan ya koma ƙarfe 4 har ƙarshen Maris. Wasannin Zakarun Turai na ƙarfe 9 agogon Paris, a Satumba da Oktoba ƙarfe 8 ne namu, daga Nuwamba ƙarfe 9, in an shiga Afrilu su dawo 8. Shirye-shiryen Hausa na BBC da DW da RFI ba sa motsi, da GMT suke tafiya. In ka ji RFI ta ce TU, shi ne GMT ɗin, ƙara awa ɗaya.

Dikodar tauraron ɗan'adam, talabijin ɗin gwanjo da aka bar wa ƙasa a France, na'urar kyamarar tsaro ta shago, agogon motar da aka shigo da ita daga Turai: duk magani ɗaya ne. Nemi wurin lokaci, sa GMT+1, kashe Heure d'été ko DST. Ta kyamara kar ka yi sakaci da ita, don ranar da aka yi sata aka zo duba hoto, awa ɗaya na iya wanke ɓarawo ta shafa wa mai gadi.

Wajen juya agogon kansa, sauke shi daga bango, kar ka miƙa hannu kana tsaye kan kujera. Bayansa akwai ɗan ƙaramin gare kusa da batir, shi ake murzawa. Kar a buɗe gilashi a tura hannuwan da yatsa. Suna lanƙwashewa, dogon ya riƙa kama gajeren, agogo ya tsaya kullum a wuri ɗaya. Mai batir marar kiɗa yana juyuwa gaba ko baya ba matsala. In kana son daidai har daƙiƙa, cire batir lokacin da siririn hannun ya kai 12, saita minti mai zuwa, ka mayar da batirin da rediyo ta buga lokaci. Tunda ka riga ka sauke shi, dubi batirin. Zafin Maris da Afrilu a Garwa, da ke haura digiri 40, yana sa batir yoyo. In ka ga farin gari a bakin ƙarfen, kankare shi da ɗan tsinke ka sa sabo. Goge ƙurar hunturu da busasshen tsumma, ban da ruwa, ban da mai.

Tsohon agogo mai lilo da ake murɗa wa makulli, irin na gidajen manyan 'yan kasuwar da, ban so a mai da shi na lokacin waje, juyi sau biyu a shekara wahalar da shi ne. In dole ne, dogon hannun kawai ake turawa, a hankali, gaba, a tsaya duk inda zai buga har ya gama bugunsa. Komawa baya kuwa ba a juya shi. Tsayar da lilon da hannu, ka jira awa ɗaya, ka sake kaɗa shi. Na hannu mai nuna kwanan wata, ka guji canza masa kwanan tsakanin ƙarfe 9 na dare da 3 na asuba a fuskarsa, lokacin haƙoran ciki na riƙe da faifan. Casio mai lokacin ƙasashe, irin AE-1200, ba shi da garinmu a jerinsa. Zaɓi PAR ka tabbatar DST a kashe yake, zai zauna daidai da namu duk shekara.

Akwai wani iri da ke zuwa cikin kayan gwanjo yana ruɗa mutane, za ka ga an rubuta Funkuhr ko Radio-piloté a fuskarsa, ko an zana ɗan hoton eriya. Ka sa masa batir, hannuwan su ruga da gudu su tsaya cak a 12, ka ɗauka ya mutu. Jira yake. A Turai yana karɓar lokaci, har da canjin Maris da Oktoba, daga wata tashar rediyo mai suna DCF77 da ke kusa da Frankfurt a Jamus, wadda siginarta ke kai kimanin kilomita 2,000. Mu muna nesa da fiye da ninki biyu na haka, ba zai taɓa ji ba. Juya bayansa ka nemi maɓallin da aka rubuta M.SET ko SET, danna ka riƙe har hannuwan su fara tafiya, ka saki in sun kusa lokacin, ka ƙarasa da ɗan danne-danne minti-minti. In ba shi da wannan maɓalli, kai wa mai gyara ya cire injin ya sa masa na batir na yau da kullum. Fuskar da gidan ba abin da zai same su.